Magajin da Ya Ƙi Faɗuwa

Kun ji labarin, kada wani ya ce bai ji ba. An faɗe shi a tashar Gusau, an faɗe shi a kasuwar Tsafe, a Bungudu kuwa har yara sun san shi. Me kuka yi? Kun girgiza kai, kun ce ƙaddara ce, kun koma cinikinku. Waɗansunku ma suna bakin gulbin a ranar, da sababbin rigunansu. To, ya 'yan uwa, tunda kun kau da kai, ni zan juyo muku da shi.

An yi wani mutum a wani gari kusa da Bungudu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye. Ɗan babban gida ne. Ya yi boko, ya yi aikin gwamnati a Sakkwato, da aka ba mu jiharmu ya dawo Gusau. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, sahun farko ba ya wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne: bai iya sunkuyawa ba.

Garinsu gida biyu ne, gulbi ya raba su, Gidan Gabas da Gidan Yamma. Kakansu ɗaya. A tsakiyar gulbin akwai tsibiri mai baƙar ƙasa, duk abin da ka jefa sai ya tsiro. Tun kafin zuwan Nasara, 'ya'yan mai garin su biyu suka yi yaƙi a kansa. Na Gabas ya haye da mutanensa, ya ci. Amma da aka zo wankan gawa, sai masu wanka suka kasa rarrabewa, domin tsaga iri ɗaya ce a kowace fuska. Wanda ya ci yaƙin ya tsaya yana dubawa, ya ce, "To, wa na ci?"

A nan ya ɗauki alkawari a kansa da zuriyarsa. Tsibiri kowa ya noma. Kowace kaka, bayan an kwashe amfanin gona, gidajen biyu su haɗu a can su yi yaƙi da karan dawa. Idan magajin Yamma ya taɓa magajin Gabas da kara, na Gabas ya faɗi ƙasa. Wanda ya ci shi ne mai faɗuwa. Daga nan gidajen suka zama taubasai, su zagi juna a kasuwa su yi dariya, su auri juna, su binne juna.

Waɗannan su ne kakanninmu na Zamfara, kuma ina alfahari da su! Kun san ni, ba na raga wa al'adar da ta saɓa wa addini. Amma wannan sulhu ne. Mutane ne da suka ɗauki yaƙi sukutum suka rufe shi da kara ɗaya, ya yi barci shekara da shekaru. Ku nuna mini al'ummar da ta fi su dabara.

Mahaifin mutumin nan ya rasu, sarautar magajin Gabas ta dawo kansa. Shi kuwa ya taɓa karantawa a kwaleji cewa can ƙarshen arewacin Sikotilan, a wasu tsibirai masu sanyi, manyan gidaje na dangi ɗaya sun taɓa gwabzawa, kuma har yanzu ana tuna wanda ya ci. Abin ya zauna masa a rai. A ofis yakan ce wa abokansa, "Su suna rubuta sunan wanda ya ci. Mu namu sai ya kwanta yana birgima kamar jaki." Abokan su yi dariya, su ce, "Gaskiyarka, ranka ya daɗe." Babu wanda ya tambaye shi ko su mutanen tsibiran sun ji daɗin binne 'yan uwansu.

Da kaka ta zo, ya ɗinka babbar riga fara mai aiki. Ya gayyato abokansa daga Gusau, ya ɗauko makaɗi daga Tsafe, ya koya masa tsohon kirarin yaƙin da dattawa suka hana kaɗawa.

Ƙanwarsa Hanatu, wadda ke aure a Gidan Yamma, ta haye ta same shi da safe.

"Yaya, makaɗin nan na mi ne?"

"Na baƙi ne."

"Baba ya faɗi a tsibirin nan har furfura ta kama shi, rawaninsa bai ragu ba."

"Baba ba ya da baƙi."

"To ka faɗi da wuri, ka tashi da wuri, tuwo na jira."

A ransa yana ganin kansa kwance cikin ƙura, mutanen ofis suna kallo, gobe su koma Gusau da labari. Ya ji ba zai iya ba.

Bayan azahar aka taru. Mata suna guɗa, samari suna kai wa juna duka da kara, karan na karyewa, ana shewa. Sai ga magajin Yamma, tsoho Labbo, siriri, baki ba haƙori, yana tafe yana wasa da karansa kamar mashi.

"Taubashi! Wagga riga duk don ƙasa ka ɗinka ta? Ƙasa ta gode!"

Kowa ya fashe da dariya, har da baƙin. Ita ce dariyar da ta ƙone shi.

Labbo ya taɓa shi da kara a ƙirji. Bai faɗi ba. Tsoho ya zaci wasa ne, ya sake taɓa shi.

"Haba ɗan Gabas, ku da kuka saba? Faɗi mana, rana na yi, ƙafafuna ba na jiya ba ne."

Bai faɗi ba. Guɗa ta tsaya. Labbo ya matso, ya rage murya yadda su biyu kawai za su ji.

"Ɗana, ko gwiwa ɗaya ka kai ƙasa. Ni zan ce ka faɗi."

Ya 'yan uwa, ku dubi ƙofar da Allah ya buɗe masa! Gwiwa ɗaya! Shi da yake kai goshinsa ƙasa kullum a masallaci. Amma ya waiwaya ya ga baƙinsa, sai ya fizge karan, ya karya, ya tura tsohon da hannu biyu. Labbo ya faɗi. Tun da aka yi alkawarin, ranar ce ta farko da magajin Yamma ya faɗi ƙasa a tsibirin nan. Makaɗi kuwa, da bai san komai ba, ya saki kirari.

Gona ce, ba a rasa lauje da fartanya a gona. Samarin Yamma suka zubar da kara, na Gabas suka zubar. Lukuman, ɗan magajin Gabas, shi kaɗai ne ɗansa namiji, ya ruga don ya ɗaga Labbo. Yana sunkuye a kan tsohon aka sare shi a ƙeya. Har yau ba a san hannun wane gida ba ne. Kafin a haye gulbi da shi, ya rasu.

Labbo ya karye a ƙugu, bai sake tashi ba, bai ga damina ba. Hukuma ta hana gidajen biyu taka tsibirin, yanzu ƙaya ce ke cin baƙar ƙasar. Hanatu tana Yamma, ba ta hayewa. Gabas suka naɗa wani magaji.

Mutumin namu kuwa, bayan an tsare shi an sake shi, ya koma Gusau. Idan ɗan Yamma ya gamu da shi a kasuwa, ba ya zaginsa. Sai ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, an wuni lafiya?" ya wuce. Girman da yake nema ke nan, an ba shi cikakke. An ce wata rana ya riƙe rigar wani jikan Labbo, ya ce, "Don Allah ka zage ni, kamar da." Yaron ya ce, "Wane ni, ranka ya daɗe." Ya zare rigarsa ya tafi.

Wa ya fara ƙin sunkuyawa? Iblis ne, da aka ce ya yi sujada ya ce shi ya fi. Shi ma asali ya kawo hujja. Girman kai ba ya zuwa wa mutum da kamannin zunubi. Yana zuwa da rigar mutuncin gida, da tarihin kaka, da "me mutane za su ce". Kakan mutumin nan ya ci yaƙi ya faɗi, sunansa ya tashi. Jikan ya tsaya ƙyam, gidan ya rushe.

Kada ku ce laifinsa ne shi kaɗai. Ina waɗanda suka ce "gaskiyarka" a ofis? Ina dattawan da suka ji makaɗi na gwada kirarin tun safe suka yi shiru? Ga siyasa ta ƙarato, kuma ina jin ku a majalisu kuna tono wa ya ci wa, wane gida ne bayin wane. Kuna tsammani abin da kuke tasowa zai tsaya a baki?

Ya Allah, ka tsare mu daga tsayuwar da ke rusa gida, ka koya mana sunkuyawa tun muna da ƙafa. Allah ya kiyaye mu, amin.

Kai mai karatu, akwai gidan da kuka daina gaisawa, ka san shi, ba sai na faɗa ba. Kada ka jira su zo, kada ka aika yaro. Kafin Juma'ar nan ka tashi da ƙafarka, ka je ƙofarsu, ka cire takalmi, ka fara sallama.