Karen da Ya Ji Tsoron Sunansa

Akwai wani manomi da gonarsa take gindin dutse, inda birai suke saukowa su yi wa masara ɓarna. Yana da baƙin kare mai suna Duna, shi ne mai tsaron gonar. Ba don karen nan ba, da gidan bai taɓa cika rumbu ba.

Mutumin ba mugu ba ne, amma yana da saurin fushi, kuma a ganinsa horo shi ne bulala. Ba ya kiran Duna sai in ya yi laifi. In ya kori kaza, sai a ji tsawa, in ya zo kuma ya sha tsumagiya. In ya yi jinkiri, dukan ya ninka. To, don Allah, wane kare ne zai ci gaba da zuwa? Duna ba wawa ba ne. Da zarar ya ji sunansa a bakin maigidan, sai ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ya nemi bayan rumbu.

Matar gidan kuwa hanyarta daban. Kowace safiya in ta kankare tukunyar tuwo, sai ta tsuguna, ta ƙwanƙwasa tukunyar da muciya, ta kira shi sau ɗaya tak, ba ta maimaitawa. In ya zo ta ba shi ƙanzo, ta shafa kansa, ta bar shi ya tafi. A tsakar gida ta fara, daga baya ta koma kiransa daga bayan danga, har ta kai ga kiransa a gona. Mijin yana yi mata dariya, wai ta mayar da kare ɗan lele.

Ana nan, bayan girbi, ciyawa ta bushe ƙayau. Wata rana manomin da matarsa suna gona suna tara kara, ta kuma zo musu da abinci a tukunyar nan. Ashe masu farautar gafiya sun cinna wa daji wuta a bayan dutse. Duna ya bi zomo ya shige cikin doguwar ciyawa, sai iska ta juya. Kafin su ankara wuta ta zagayo ta dama da hagu, ba sauran mafita ga karen sai wata ƴar siririyar hanya da ta ɓullo daidai inda suke tsaye.

Manomin ya karya reshe mai ganye yana bugun wutar, yana ƙwala wa karen kira. Cikin hayaƙi suka hango Duna. Ya tako sau biyu, ya ɗaga kai, ya ga maigidansa da reshe a sama, ya ji muryar da ya sani. Sai ya kwanta da ciki, ya fara ja da baya, wajen wuta. Hankalin mutumin ya tashi ƙwarai, ya ƙara ɗaga murya, karen kuma ya ƙara ja da baya. Hanyar tana ta tsukewa.

Matar ta ce, "Maigida, yar da reshen nan, ka yi shiru."

Ya ce, "Zai ƙone fa!"

Ta ce, "Kai yake gudu, ba wuta ba."

Ya saki reshen. Ita kuwa ta tsuguna yadda ta saba, ta ƙwanƙwasa tukunya, ta kira sunan sau ɗaya. Ba motsi, sai ƙarar ciyawa tana ci. Mutumin ya buɗe baki zai sake tsawa, ta riƙe masa gefen riga. Can sai ga Duna ya fito a guje, gashin bayansa yana hayaƙi. Ko a wannan hali sai da ya kauce wa maigidansa, ya zagaye shi, ya faɗa jikin matar. Wannan kaucewar ta fi zafin wutar ƙona zuciyar mutumin.

Ma'anar wannan misali ita ce, ranar wuta ba ranar koyon amsa kira ba ce. Ubangiji yana kiranmu kowace safiya a kan ƙananan abubuwa, addu'a, karatun Maganarsa, neman gafarar ɗan'uwa. Wanda ya saba zuwa a tsakar gida, zai gane muryar ko a cikin hayaƙi. Wanda kuwa ya ɗauka Allah ba ya kira sai da bulala, zai ja da baya zuwa hallaka, alhali ceto ake kiransa a ba shi.

Amma akwai rabonmu a ciki, mu iyaye da dattawan ikilisiya, kuma ni ma ina jin nauyinsa. Wasunmu ba ma kiran ƴaƴanmu sai don faɗa, ba ma zuwa gidan ɗan'uwa sai in ya faɗi. Ranar da za ka hango wuta a bayansu, da muryar nan taka za ka yi kira, ba ka da wata. Saboda haka in ka koma gida yau, ka kira ɗanka da sunansa ba tare da ya yi laifi ba, ka duba ko zai zo da sauri, ko kuwa zai tsaya daga nesa yana kallon hannunka.