Goron da Aka Ba Barsu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Yau ba mai haushi a zaurenmu, kaskon karenmu na can a kife. To ku matso kusa, ku ji.

An yi wata tsohuwa a bakin daji, sunanta Tabawa. Ba ta da kowa sai kaji cike da akurki, sai karenta Barsu. Barsu ya ci ƙanzonsa, ya kwanta a ƙofar akurki, ko ɓera bai isa ya gifta ba.

Dila ya daɗe yana haɗiyar miyau. Rannan ya zo da tsoka a baki, ya ce, "Ɗan'uwa, ga tsaraba."

Barsu ya ce, "Yaushe muka haɗa uwa? Ɗauki abinka. Ni ba na cin komai sai daga hannun Inna."

Dila ya ce a ransa, "Ashe ta nan ƙofar take."

Ya je ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, ya dawo ya yi sallama.

"Sannu da gida, Inna. Malami ne, wucewa nake. Amma karen nan ya ba ni tausayi. Ke da miya, shi da ƙanzo gaya? Zuba masa, ki yanka albasa da yawa."

Tabawa ta ce, "Na ji an ce albasa ba ta kare ba ce."

"Ke ba kya ci?"

"Ina ci."

"Ta kashe ki?"

"Ba ta kashe ni ba."

"To fa!"

Da aka ajiye kasko, Barsu ya shinshina, ya ce, "Inna, malamin nan bakinsa na wajenki, idonsa na wajen akurki."

"Kai Barsu, ka cika zargi. Ci, don ƙaunarka na yi."

Ya duba, hannun Inna ne. Ya ci.

Bayan 'yan kwanaki ƙafafunsa suka yi sanyi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya koma ja kamar zoɓo. Sai ga malam.

"Assha, sanyi ne. Daka tafarnuwa, ki cuɗa masa a tuwo."

"Tafarnuwa kuma, Malam?"

"Ke ba kya ci?"

"Ina ci."

"Ta kashe ki?"

"Ba ta kashe ni ba."

"To fa!"

Barsu ya ce, "Inna, na ga wani abu mai gashi yana leƙowa a ƙasan rigar malamin nan."

"Rufe mini baki. Ana ɗaga wa baƙo riga?"

Ya duba, hannun Inna ne. Ya ci.

Ciwo ya ƙaru, har tashi ya zama aiki. Sai ga malam da hantsi.

"Wannan kasala ce. Inna, in kasala ta kama ki, me kike ci?"

"Goro."

"To fa!"

Wannan karon ma bai sha wahalar tambaya ba. Tabawa ta kwance bakin zane, ta ɓara goro manya.

Barsu ya kau da kai. "Inna, wannan kam a'a."

"Haba Barsu! Ana mayar da goro? Goron da na miƙo maka da hannuna?"

Ya dubi goro, ya dubi fuskarta, ta cika da damuwa. Ya tauna, ya haɗiye.

Dila ya san goro guba ne ga kare. Abin da ya manta, goro ba ya barin mai shi ya runtsa.

Rana ta take, Tabawa ta kishingiɗa. Barsu na kwance, jiki na karkarwa, zuciya na bugawa kamar kalangu, ido kuwa ƙur. Dila ya dawo, ya hango ido a kafe, ya ɗauka gawa ce. Ya tuɓe riga, ya jefar da rawani, ya tsallake shi, ya zura kai cikin akurki.

Caraf! Barsu ya cafke ƙafarsa.

"Saki, ɗan'uwa! Sauran magani na kawo!"

Barsu ya ƙara datse haƙora, bakinsa na da aiki. Kaji suka ɗauki kuka. Tabawa ta fito da taɓarya, ta ga rawani a ƙasa, ta ga wutsiya. Tim! Tim! Da ƙyar Dila ya fizge, ya shige daji yana jan ƙafa.

Ko gashin kaza ɗaya bai faɗi ba. Amma Barsu bai sake tashi ba. Tabawa ta ɗora kansa a cinya tana kuka, tana cewa, "Ni na ba ka."

Ya ce, "Inna, hannunki bai cuce ni ba. Cikina ne ba irin naki ba."

Kafin la'asar ya cika.

To kun ji, yara. Albasa, tafarnuwa, goro, har inabi da cakulan ɗin da kuke so, naku ne, ba na kare ba. Ko ya kaɗa wutsiya, ko ya langaɓe kai, ku hana shi. Ƙauna marar sani ita ma tana kisa.

Ƙurunƙus, kan dila mai rawani.

Allah ka ba mu sanin abin da muke miƙa wa waɗanda suka yarda da hannunmu. Ku ce amin.