Littafin da Tukur Tela Ya Saya wa 'Yarsa

Akwai wani tela a garin Gaya ana ce masa Tukur, a shekarun da aka fara ɗibar yara ana kai su makarantar boko kyauta. Gwani ne a kan keken ɗinki, amma zuciya gare shi kamar ta kuturu.

Wata rana ya saki matarsa Lauratu a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba. Ta koma gidan iyayenta a ƙauyen Gafasa, shi kuma ya riƙe 'yarsu Baiwa, mai shekara bakwai, 'yar aji biyu.

Baiwa 'yar fari ce, gidan su Tukur kuwa ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunanta, ba ya zama hira da ita. Da yarinya ta shiga tambayar yaushe Inna za ta dawo, sai ya rasa bakin amsa, kuma tambayar ba ƙaramin ƙona masa rai take yi ba. Wato uwar ake nema, shi mai ciyarwa ko oho?

Sai ya nufi wajen malamin ajinsu, Malam Abdulsalam.

"Malam, littafi nake so wanda zai gaya wa yarinyar nan halin da ake ciki. Ni bakina ba zai iya ba."

Malamin ya buɗe kabad ya ɗauko wani ɗan siririn littafi mai hotuna. Labarin wani yaro ne da iyayensa suka rabu, yana karatu a wajen uba, yana hutu a wajen uwa, kowa kuma yana son sa.

"Wannan ne daidai ita. Amma kada a bar ta da shi ita kaɗai. In ba za ka iya ba, gwaggonta ta zauna su karanta tare."

Tukur ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana kuma ji da karatunsa. Ya duba gaba, ya duba baya, ya murtuke fuska.

"Ina laifin uwar a ciki?"

"Ai ba don ɗora laifi aka rubuta shi ba."

"To don me? Yarinyar da ke karanta mini jarida za ka ba abin wasan yara?"

"Malam Tukur, iya haɗa baƙi daban, iya ɗaukar abin da baƙin ya faɗa daban."

Tukur ya dangwarar da littafin a kan tebur, ya fice ko sallama babu.

Ranar kasuwa ya tsuguna gaban mai sayar da littattafai, ya tona har ya sami abin da ransa ke so. Littafin manya ne mai kauri, labarin wata mace da ta ƙi bin mijinta aka sake ta. Ta koma gidansu ciwo ya kama ta, 'ya'yanta ba wanda ya leƙo, har ta mutu ita kaɗai a ɗaki. Ya kawo ya ajiye a kan jakar makarantar Baiwa.

Jama'a, abin nan yana ba ni haushi. Wannan ba neman fahimtar da yarinya ba ne, huce haushi ne aka naɗe a takarda aka miƙa wa 'yar shekara bakwai.

Baiwa ta karanta shi tas, tana bin layi da yatsa. Daga nan ta daina tambaya, ta kuma daina cin abincin kirki. Tukur ya lura da na farkon kawai, har yana gaya wa masu zama a shagonsa cewa magani ya ci.

Wata safiya ta fita da kayan makaranta, amma ba ta isa aji ba. Aka duba rijiyoyi, aka duba kasuwa, hankalin unguwa ya tashi. Sai da la'asar saƙo ya zo cewa wasu mata masu tallar nono sun tsince ta a kan hanya, ƙafa duk ta kumbura, tana tambayar ina ne Gafasa. Sun san gidan, suka sa ta a motar kasuwa suka kai ta.

Washegari Tukur ya hau keke yana huci, don shi a ganinsa Lauratu ce ta sa aka ɗauke ta. A zaure ya tarar da tsohon surukinsa, Malam Badaru. Gaisuwa ma sama-sama ya yi.

"Baba, na zo ɗaukar yarinya ne."

Tsohon ya ɗauko littafin da aka gani a jakar Baiwa, ya jefo masa a gabansa. "Kai ka ba ta wannan?"

Kafin ya amsa, muryar Lauratu ta fito daga bayan zaure cikin ɓacin rai.

"Da ta shigo, abin da ta fara ce mini shi ne, 'Inna, ashe ba ki mutu ba?' Tun jiya take taɓa goshina ko ina da zazzaɓi. Ni ka saka, Tukur. Ita me ta yi maka?"

Malam Badaru ya sa aka kira Baiwa. Ta leƙo tana ɗingishi, hannunta riƙe gam da gefen zanen uwarta.

"Ga babanki ya zo tafiya da ke," in ji tsohon.

Yarinya ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"Baba, don Allah ka bar ni. A littafinka, da 'ya'yan matar suka ƙi zuwa ne ta mutu."

Duk fushin da Tukur ya ɗauko daga Gaya ya rasa inda zai sauke shi sai a kansa. Haka ya tura kekensa ya koma gida shi kaɗai.

Darasi: Kafin ka ba yaro littafi a kan rabuwar iyayensa, duba shekarunsa da abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka, ka karanta shi tukuna, kuma a zauna tare da shi. Kada ka mayar da ɗanka fagen ramuwa. Ku tura wa duk iyayen da kuka sani, ko Allah zai sa wani yaro ya tsira.