Fitilun da Shebwana Ya Ƙi

A garinmu na bakin teku, arewa da Lamu, babu masuncin da ya kai Shebwana iya sana'a, babu kuma wanda ya kai shi zargi. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin me kake nema. Dukiyarsa guda ce, wani wuri a cikin teku da mahaifinsa ya nuna masa, inda manyan kifaye ke taruwa. Da alamun bakin gaɓa yake gane wurin, kuma shi kaɗai yake fita don kada wani ido ya gani.

Ana nan sai ƙungiyar masunta ta raba mana wasu ƙananan korayen fitilu na ɗaurawa a jikin taru. Somoe, sakatariyar ƙungiyar, ta yi bayani cewa kunkurun teku yana ganin hasken sai ya kauce, kifi kuwa bai damu ba. Kowa ya san wahalar kunkuru, ya yaga taru, shi ma ya mutu a banza. Muka karɓa da murna.

Shebwana ya jujjuya fitila, ya kara ta a kunne, ya ce, "Kyauta? Akwai abin da aka dasa a ciki, yana gaya musu inda mutum yake."

Lali, ƙanin matarsa, ya ce, "Haba Yaya, wa zai ɓata batir a kanka? Ko matarka ta daina tambayar inda kake."

Aka kwashe da dariya, shi kuwa nan take ya saka Lali cikin maƙiya. Somoe ta buɗe fitila guda a gabansa, batir ne kawai a ciki. Ya ce ai saurin buɗewar ma ya nuna wannan ce aka shirya dominsa. Ya karɓi nasa, ya binne su a bayan gida. Da tarunanmu suka daina yagewa, cewa ya yi lasa mana zuma a baki ake yi. Wallahi mutumin nan ya gajiyar da mu.

Wata safiya, lokacin da kunkuru ke kusanto gaɓa don yin ƙwai, ya je jan taru ya tarar manyan kunkuraye sun cukuikuye a cikin tarun. Garin kokawa da su igiya ta naɗe farfelar inji, injin ya mutu, ruwa ya fara jan kwale-kwalen zuwa kan duwatsu. Dole ya kira Lali. Lali na kasuwa hannunsa dumu-dumu da kifi, sai ya saki muryar wayar, duk muna ji.

"Kana ina, Yaya?"

"A teku."

"Mun san ba a gona kake ba. Ina a tekun?"

Muna jin ƙarar igiyar ruwa tana dukan dutse. Can ya ce, "Ku yi ta tafiya har tsohuwar kukar nan ta rufe hasumiyar masallaci, bakin rafi kuma ya ɓace a bayan tsibiri."

Duk kasuwa ta ji alamun wurin. Jirage suka fita, aka janyo shi da rai, aka yayyanka tarunsa don a saki kunkurayen da suka rage da numfashi. Na tausaya masa ƙwarai da na ga ya sauko ko kallon kowa ba ya yi. Kafin mako ya zagayo, wurin mahaifinsa ya zama na gari duka, shi kuwa yana zaune a gaɓa ba taru.

Darasin a nan shi ne, yin hattara abu ne mai kyau, amma zargin da ba ya jin hujja cuta ce. Idan an kawo maka sabon abu, ka tambaya, ka bincika, ka gwada. Wanda ya ɗauki kowa maƙiyi yakan ƙi abin da zai tsare shi, har bakinsa ya sa ya rasa abin da yake tsarewa.