Gidan Wasila

Akwai wani manomi a Nahuce ta Bunguɗu, Malam Sahabi, wanda ba shi da abin alfahari kamar cewa 'yarsa ba ta taɓa kwanan yaji a gidansa ba. Da an zauna a majalisa sai ya faɗa, kai ka ce sarauta aka naɗa masa.

A 1973 ya aurar da 'yarsa Wasila ga Mas'udu, wani dillalin shanu a Bilbis. Mas'udu kuwa da sandar da yake korar shanu yake dukanta.

Sau biyu tana gudowa, sau biyu 'yan biko suna zuwa da goro da daɗin baki, Malam yana mayar da ita tun rana ba ta faɗi ba.

A karo na uku ta sauko daga motar lodi, hannunta na dama a karye. A zaure ya tare ta.

"Baba, don Allah ka bar ni in kwana biyu. Wallahi kashe ni za ya yi."

"Mi za a ce da ni cikin gari? Tashi mu tahi, aure haƙuri na."

Uwarta, Inna Tambaya, ta durƙusa tana roƙo, ko kallonta bai yi ba. Da kansa ya kai Wasila tashar Gusau ya sa ta a motar Tsafe.

Kwana tara aka aiko ta rasu, wai zazzaɓi ne. Amma matan da suka yi mata wanka sun gaya wa uwarta abin da suka gani a jikin. Mas'udu ko kwana ɗaya bai yi a tsare ba, kafin kaka ma ya yi sabon aure.

Ana gama sadakar arba'in Tambaya ta koma gidan da ta gada a Gusau. Ta share ɗakuna biyu, ta ce sadaka ce ga Wasila: duk macen da aka daka ta zo, akwai tuwo, akwai mai ɗori. Mutane suka sa wa wurin Gidan Wasila.

Sai bayan shekara biyar Malam Sahabi ya iya zuwa, da buhun gero. Ya tarar da mata bakwai suna sussuka a tsakar gida, har da dariya. Duk sa'o'in Wasila ne.

Wata mai kumburarren ido ta kawo masa ruwa.

"Sannu Baba. Kai ma ɗiyarka ka kawo?"

Ya karɓi kwanon ruwan ya ajiye.

"A'a. Tawa ta zo da ƙafarta, ni na maishe ta."

Darasi: In 'yarka ta gudo da rauni, duba raunin kafin ka duba bakin mutane. Surutu yana wucewa, wanda ya mutu ba ya dawowa. Ku tura wa iyaye wannan, wataƙila wata na bakin zaure a yau.