Hannun da Orval Ya Ƙi

Akwai wani dattijo mai suna Orval Teague, mai gyaran agogo a wani ƙaramin gari a jihar Nebraska. Wada ne, tsawonsa bai wuce kan teburin cin abinci ba, amma zuciyarsa ta fi ta dogaye zafi.

Gidansa daidai jikinsa ya gyara shi: murhu, famfo da gado duk a ƙasa. Shi kaɗai yake ciki.

Yana da ƙane guda, Lyman, dogo, manomin masara. Ranar jana'izar mahaifiyarsu akwatin gawar ya yi wa Orval tsawo. Lyman bai tambaye shi ba, ya sure shi sama a gaban jama'a don ya ga fuskarta. Wani ya yi dariya. Tun daga ranar Orval ya daina yi masa magana. Lyman ya yi ta zuwa ban haƙuri, ƙofa a rufe, har duk suka yi furfura.

Wani hunturu Orval ya zame a kan ƙanƙara, cinyarsa ta karye.

Likita ta ce ƙashin gajere ne kuma a lanƙwashe, ƙarfen da ake zura wa manya ba zai shiga ba, na yara kuma ba zai ɗauki nauyinsa ba. Sai da ta lanƙwasa wani ƙarfe daidai ƙashin ta ɗaure da kusoshi. Aiki ya yi kyau, amma ba zai taka ƙafar ba sai bayan watanni. In babu mai ɗaga shi a gida, sai gidan kula da tsofaffi.

Ya kwana biyu a gadon asibiti yana kallon kujerar baƙi, ba wanda ya zauna a kai. Kaɗaici ya ishe shi. A ƙarshe dai ya ce a kira Lyman.

Lyman ya shigo da sanda, a duƙe. Da kyar ya durƙusa a bakin gado.

"Yaya, ka yarda in ɗauke ka?"

"Yau ka iya tambaya ke nan, dogon banza," in ji Orval, idonsa ya cika da hawaye. "Ɗauke ni, mu tafi gida."

Lyman ya sa hannu ya yunƙura. Ya sake yunƙurawa. Bayansa ya ƙi.

"Da ka kira ni tun ina da baya," ya ce a hankali.

Washegari aka kai Orval gidan tsofaffi. Safe da yamma hannayen baƙi suke ɗaga shi, kuma ba mai tambayarsa.

Darasi: Kafin ka taimaki mutum, nemi yardarsa, don taimako ma yana iya zama wulaƙanci. Kai kuma da aka ɓata wa, ka yafe tun hannun ɗan'uwanka yana da ƙarfi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana gaba da jininsa.