Notin da Ya Cije a Kafiretar Kawu

Akwai wani bakanike da ake kira Guduma, domin duk abin da ya ƙi kwancewa a garejinsa, duka ne maganinsa. Aiki kam ya iya, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma girman kai ya yi masa katutu. Tare suke aiki da ƙanensa, sai dai in ka ji yadda yake masa tsawa a gaban mutane, ka ce ba ciki ɗaya suka fito ba. Wallahi har yanzu in na tuna abin da ya yi, raina ɓaci yake.

Kawunsu yana da wata tsohuwar mota da ta girme su duka biyun, irin wadda an daɗe da daina ƙera kayanta. Da ciwo ya kwantar da shi, ita ma ta kwanta a rumfa har tsatsa ta ci ta. Likitoci suka sallamo shi gida, suka ce sai dai addu'a. Abu ɗaya ya roƙa: a tayar da motar, a zaunar da shi a gaba, a zaga da shi ko sau ɗaya ne.

Matarsa, wadda suke kira Inna, ta sa aka turo motar har gareji.

Komai ya gyaru sai kafireta, wato abin da ke haɗa fetur da iska ya ba injin. Notoci biyu na ƙarfe da ke riƙe bututun mai sun cije a jikinta. Ita kuwa jikinta na alminiyam ne, mai laushi, kuma babu irinta a kasuwa. In ta tsage, magana ta ƙare.

Ƙanen ya cire ta, ya tsiyaye feturin, ya jiƙa notocin da man birki. Kullum sai ya tsoma ta a ruwan zafi don jikinta ya ɗan saki, ya ƙwanƙwasa kan notin a hankali, ya gwada da ƙaramar sifana, gaba kaɗan, baya kaɗan. In ya ji ta ƙi, sai ya ƙara mai ya ajiye.

Wannan abu ya tsaya wa Guduma a rai.

"Kai wanka kake mata ko gyara? Mutum na kwance rai a hannun Allah, kai kana dafa ƙarfe kamar mai shayi."

"Yaya, na fara jin motsi. Ka bar ta ta ƙara sha."

"Ni za ka koya wa noti? Ina kwance inji tun kana tsotson yatsa."

Rannan Inna ta leƙo da rana tambayar inda aka kwana, ga kuma masu motoci zaune a benci suna ji. Ƙanen kuwa ya fita sayo sandar walda. Guduma ya ga dama ta samu ta nuna isa. Ya ce, "Inna, zauna ki gani. Yanzu za a gama wannan wasan yaran."

Ya matse kafiretar a tebur, ya sa babbar sifana, ya zura mata dogon bututun ƙarfe don ƙarin ƙarfi, ya danna da dukan nauyinsa. Sai aka ji ƙas. Notin bai kwance ba. Jikin kafiretar ne ya tsage tun daga bakin ramin notin har ƙasa.

Ko kunya bai ji ba, ya ce, "Ai dama ta ruɓe. Tsatsa ta gama da ita tuntuni."

Daidai nan ƙanen ya shigo. Ya dubi tsagar, ya dubi bututun, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ɗauki ƙaramar sifanarsa ya ɗora a kan noti na biyu, ya ƙwanƙwasa, ya juya baya kaɗan, gaba kaɗan. Notin ya biyo shi sumul, har ya ƙarasa kwance shi da yatsu. Ya ajiye shi a gaban yayansa, mai na ɗiga daga haƙoran notin.

"Ga ruɓewar nan, Yaya."

Inna ta miƙe tsaye. "Amma kai an yi mutumin banza. Ka fasa, sannan ka yi mini ƙarya ido da ido? To ni ba zan faɗa masa ba. Ɗauko ta, mu je ka faɗa da bakinka."

Haka ta tasa shi gaba har ɗakin Kawu. Tsohon yana jin muryar bakanike, ya yunƙura ya ce a miƙo masa hularsa. Ya sa ta da kansa.

"Ɗana, ka kawo ta? Ku kama ni in tashi."

Guduma ya matso kusa da shi. Ya miƙa masa kafiretar. Kawu ya juya ta, ya bi tsagar da babban yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Bututu ka sa wa sifana," in ji shi.

"Kawu, sauri nake maka."

"Ni na ce maka ka yi sauri?"

Ya cire hular ya ba Inna, ya juya fuskarsa bango. An baza neman wata kafiretar ko'ina, ba a kai ga samu ba Allah ya karɓi abinsa.

Darasi: Abin da ya daɗe yana cijewa, lallami yake so, ba ƙarfin tuwo ba. Kada girman kai ya sa ka fasa abin da ba ka da madadinsa, kuma ka saurari na ƙasa da kai in ya ce ka dakata. Ku tura wa duk wani mai saurin hannu da kuka sani, tun bai yi irin ta Guduma ba.